Magdi Yakub, asibitin Aswan, da bawul ɗin zuciyar ƙanwarka

Tambaya ce ta zo mani daga wani malamin makaranta a Daura, ga ta a taƙaice. Ƙanwarsa 'yar shekara 19, wadda aka sa ranar aurenta bayan babbar Sallah, ta daɗe tana haki in ta ɗebo ruwa ko ta yi daka. An kawo ta Katsina aka yi mata hoton zuciya, aka ce ɗaya daga cikin bawul ɗin zuciyarta ya tsuke. Wani ɗan'uwansu da ya yi karatu a Masar ya ce a kai ta Aswan, asibitin wani likita Magdi Yakub, wai kyauta ake aiki, wai kuma mutumin ya taɓa zuwa Najeriya ya yi tiyata. "Likita, wane ne shi? Gaskiya ne abin da ake faɗa? Mu sayar da gona mu kai ta?"

Malam, Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Gonar dai a dakata da ita tukuna, zan zo kan dalili. Ɗan'uwanku kuwa bai yi maku ƙarya ba: mutumin gaskiya ne, asibitin na nan, kuma ya zo Najeriya. Abin da ƙila bai gaya maku ba shi ne, ciwon da ke ƙirjin ƙanwarka shi ne ainihin ciwon da ya mayar da Magdi Yakub likitan fiɗa. Don haka ka yi haƙuri in ɗan ja zaren labarin.

An haife shi ranar 16 ga Nuwamba 1935 a Bilbes, wani gari a lardin Sharƙiyya, arewa maso gabas da Alƙahira. Asalin sunan Majdi ne, Misirawa ne ke mayar da jimun "ga". Iyayensa Kibɗawa ne, wato Kiristocin Masar. Mahaifinsa, Habib Yakub, likitan fiɗa ne na gwamnati, irin ma'aikacin nan da ake ta yi wa canjin wurin aiki daga wannan gari zuwa wancan, har Aswan sun zauna. Yana ɗan shekara huɗu zuwa biyar gwaggonsa, ƙanwar mahaifinsa, ta rasu wajen haihuwa tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai. Bawul ɗin zuciyarta ne ya tsuke. Yayanta likitan fiɗa, wuƙa a hannunsa kullum, amma yana ji yana gani ta tafi, domin a wajajen 1940 zuciya ba wurin da likita ke shiga ba ne. Yakub ya sha faɗa a hirarraki cewa wannan rasuwar, da yadda ta karya mahaifinsa, ita ta ɗora shi kan hanyar da ya bi.

Bari in nuna maka abin da ya kashe ta, tunda shi ne muke jin tsoro a gidanku. Zuciya ɗaki huɗu ne, biyu dama biyu hagu. Jinin da ya shaƙi iska a huhu yana dawowa ɗakin hagu na sama, ya bi ta wata ƙofa mai marfi biyu ya sauka na ƙasa, daga nan a tura shi jiki duka. Wannan ƙofar muke kira bawul ɗin mitiral, aikinsa ɗaya da bawul ɗin tayar babur: abu ya wuce gaba, kada ya komo baya. A mai lafiya faɗinsa murabba'in santimita 4 zuwa 6. In ciwo ya ci shi, leɓunan marfin sai su yi kauri, su riƙa mannewa da juna ta gefe shekara da shekaru, har a bar 'yar kafa kamar bakin kifi. Daga 1.5 zuwa ƙasa muke cewa abin ya tsananta. Jini kusan lita 5 ne fa ke neman wucewa ta nan a kowane minti. Wanda bai samu hanya ba ya taru a baya, ya danne huhu, ruwa ya fara tsattsafowa inda ya kamata iska ta zauna. Hakin da take yi in ta ɗauki bokiti ke nan.

Ciki kuwa shi ke tona asirin ciwon. Mace mai juna biyu jininta na ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, bugun zuciya ya ƙara sauri. Kaya sun ƙaru, lokacin wucewa ya ragu, ƙofa tana nan yadda take. Ka ɗauka an ce duk mahaya da 'yan kallon hawan Sallah su fita ta zaure ɗaya. Na ga irin daren nan ba sau ɗaya ba. A kawo yarinya da cikin wata bakwai wajen ƙarfe biyu na dare, a zaune a bayan mota don ba ta iya kwanciya, ta dafa gwiwoyi, gumi sharkaf, tana tari kumfa na fitowa da ɗan ja-ja. Uwar miji na cewa asma ce, wata tsohuwa a gefe na cewa iska ce. In ta ɗan lafa, ka karkata ta gefen hagu ka ɗora abin sauraro a ƙarƙashin nono, sai ka ji wani gurnani can ƙasa-ƙasa, kamar injin niƙa a wata unguwa cikin dare. Kunnen da ya taɓa jinsa ba ya mantawa. Kada dai a haɗa wannan da ciwon zuciyar jego da ya yi yawa a ƙasar Hausa, wanda likitocin Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970. Shi wancan naman zuciyar ne ke saki, ƙofofin lafiya lau. Maganinsu ma ya sha bamban.

Abin takaici, lokacin da gwaggon ta rasu maganin bai yi nisa ba. Tun 1925 wani likita a Landan, Henry Souttar, ya taɓa zura yatsa cikin zuciyar wata yarinya ya buɗa bawul ɗin, ta kuma tashi. Abokan aikinsa suka ce ganganci ne, ba su sake turo mashi irin majinyacin ba. Sai a 1948 Charles Bailey da Dwight Harken a Amurka, da Russell Brock a Landan, suka farfaɗo da aikin. Ƙasa da shekara goma ke nan tsakaninta da shi.

Yakub ya shiga karatun likitanci a Jami'ar Alƙahira yana ɗan shekara 15, ya gama a 1957, farkon shekarun 1960 ya tafi Ingila. Ya isa a kan gaɓa, domin a 1953 John Gibbon ya yi nasarar aiki da na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu a Filadelfiya, kuma ita ce ta buɗe wa likitoci ƙofar da ta daɗe a rufe. Ranar da na fara ganin aikinta da idona, lokacin ina neman ƙwarewa a waje, har yau tana raina. Aka tsaga ƙashin ƙirji ta tsakiya da ɗan zarto, aka sa bututai, jini ya bi roba ya fita baƙi-baƙi, ya ratsa na'ura ya komo ja wur. Sai aka matse babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, aka zuba wani ruwa mai sanyi da sinadarin fotashiyam, zuciyar da ke bugawa wajen sau 100,000 a yini ta yi laƙwas. Layin da ke kan allo ya miƙe. Ni da na saba in ga layin nan ya miƙe in kama salati, sai na ga ba wanda ya ko ɗaga kai. Bayan kamar awa guda aka saki matsin, jini mai ɗumi ya shiga, ta ɗan yi makyarkyata, ta kama bugawa kamar ba abin da ya faru. Da na dawo hayyacina na ƙirga mutanen da ke ɗakin, sun haura goma: mai sa barci, mai kula da na'ura, mai miƙa kayan aiki, mai lissafin jini. Ka riƙe wannan ƙidayar, za mu bukace ta.

Daga 1964 ya zama na hannun daman Donald Ross a babban asibitin zuciya na Landan. Ross haifaffen Afirka ta Kudu ne, ajinsu ɗaya da Christiaan Barnard a jami'a. A 1967 ya fito da wata dabara da har yau ake kira da sunansa. In bawul ɗin babbar jijiya ya lalace, sai a ciro na hanyar huhu na majinyacin kansa a dasa a wurin, shi kuma gurbin na huhun, inda matsin jini ba shi da ƙarfi, a sa mashi bawul ɗin mamacin da aka bayar. Likitoci da yawa suka ja baya, suka ce mai ciwon ƙofa ɗaya an mayar da shi mai ciwon ƙofa biyu. Yakub ya riƙe aikin shekaru, har a 2010 shi da almajiransa suka wallafa sakamakon gwaji a kan majinyata 228 a mujallar Lancet: bayan shekara goma, kashi 97 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aikin Ross suna raye, waɗanda aka sa wa bawul ɗin mamaci kai tsaye kuwa kashi 83. A nan ne aƙidarsa take, in ka tambaye ni. A wurinsa bawul ba ƙyauren langa-langa ba ne da za a cire a kafa wani. Nama ne mai rai, yana girma, yana gyara kansa, don haka duk inda za a iya ɗinke na mutum a bar mashi abinsa, ya fi a sa ƙarfe. Akwai ma wani aikin gyaran gindin babbar jijiya ba tare da cire bawul ba da ake kira da sunansa.

Ya ɗan koyar a Jami'ar Shikago a ƙarshen shekarun 1960, ya komo Ingila ya zauna a Harefield, wani asibitin ƙauye a gefen Landan da aka fara kafawa don sojojin Ostireliya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya ya zama na masu tarin fuka. Daga nan ne ya zo mana. Ranar 1 ga Fabrairu 1974, shekara huɗu bayan ƙare yaƙin basasa, aka yi aikin buɗe zuciya na farko a Najeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Inugu. Yakub ne ya zo a matsayin farfesa baƙo, suka yi aikin da Farfesa Fabian Udekwu da abokan aikinsa, irin su Anyanwu da Nwafor. Ɗan'uwanku ya yi gaskiya a nan. Amma ga sauran labarin da ba a cika faɗa ba. Likitocin Inugun da kansu sun rubuta cewa daga 1974 zuwa 2000 aiki 102 aka yi. Raba ka gani, kimanin huɗu ke nan a shekara. Ba hannu aka rasa ba. Wuta ce, da kayan aikin da sai an shigo da su, da kuɗin da ke zuwa yau ya ɗauke gobe, da ma'aikatan da ake horarwa su tsallake. Shi ya sa a 1996, da likitocin Inter Milan suka gano bawul ɗin Nwankwo Kanu ya lalace bayan ya ciyo mana zinare a Atlanta, Amurka aka kai shi.

Abin da ya fi yi wa Yakub suna shi ne dashen zuciya, ko da yake ba shi ya fara ba. Barnard ne, ranar 3 ga Disamba 1967 a asibitin Groote Schuur da ke Afirka ta Kudu, majinyacin ya yi kwana 18. Ross ya yi na farko a Ingila a Mayun 1968. Duniya ta ruɗe, asibitoci suka shiga rige-rige, majinyata kuwa suka riƙa mutuwa cikin makonni domin garkuwar jiki na ganin sabuwar zuciya a matsayin baƙuwa ta far mata. Kafin tsakiyar shekarun 1970 kusan kowa ya ajiye, ban da ƙalilan irin Norman Shumway a Amurka. Terence English ya sake buɗe fagen a Ingila a 1979, Yakub ya bi baya a Harefield a Janairun 1980. Mutumin da ya yi wa dashe a wannan watan ya ƙara shekara 25 a duniya. Wani da aka yi wa a Oktoban 1982 ya yi shekara 33 da zuciyar wani, bai rasu ba sai 2016. A Disamban 1983 ya dasa zuciya da huhu a haɗe, karon farko a Birtaniya. A gaskiya rabin wannan nasara ba ta wuƙa ba ce, ta wani magani ce, sayiklosiforin, da ya shigo a farkon shekarun 1980 ya ladabtar da garkuwar jiki.

Cikin duk ayyukansa akwai guda da nake ba ɗalibai labarinsa. A 1995 aka kawo wata yarinya 'yar shekara biyu daga yankin Wales, zuciyarta ta kumbura ta saki. Maimakon ya cire tata, sai ya dasa mata wata a gefe, ya haɗa su, ta riƙa yawo da zuciya biyu. Maganin danne garkuwar jiki ya jawo mata wani irin ciwon daji, dole aka rage shi, da aka rage kuma jiki ya fara ƙin baƙuwar zuciyar. Da aka duba, ashe tata ta asali, wadda ta samu hutun shekara goma, ta murmure. A 2006 aka cire baƙuwar, aka daina maganin, yarinya ta ci gaba da rayuwa da zuciyar da aka haife ta da ita. A wannan shekarar ce ma tawagarsa ta ba da rahoton majinyata 15 da aka sa wa famfon taimakon zuciya tare da magunguna, 11 daga cikinsu suka warke har aka cire famfon. Aƙidar nan ce dai: kada ka yi saurin yar da abin da Allah ya halitta.

Lambobin girma ya same su, ba sai na daɗe a kai ba: sarautar Sir a 1992, lambar Kogin Nilu ta Masar a 2011, da wata ta Ingila a 2014 wadda mutum 24 kaɗai ke riƙe da ita a lokaci guda. Bai kuma tsira daga baki ba. A 1996 ya bar Gimbiya Diana ta shiga ɗakin tiyata da masu ɗaukar hoto ana yi wa wani yaro ɗan Kamaru aiki, jaridu suka yi ca. Ni ma ban ga dacewar hakan ba, ɗakin tiyata ba dandali ba ne, ko da kuwa don neman taimako aka yi. Yaron dai ta hannun ƙungiyar da ya kafa a tsakiyar shekarun 1990 ya zo, Chain of Hope, wadda ke yi wa yaran ƙasashe matalauta aikin zuciya, ta kuma taimaka aka kafa cibiyoyi a Mozambik da Habasha da Jamaika.

A 2001, yana da shekara 65, dokar aiki ta sa ya ajiye tiyata a asibitocin gwamnatin Birtaniya. Wani da sai ya koma lambunsa. Shi kuwa a 2008 ya kafa gidauniya a Masar tare da Ahmed Zewail, mai lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai, a 2009 aka buɗe cibiyar zuciya ta Aswan. Ka lura da inda ya zaɓa. Aswan na can ƙarshen kudu, wajen kilomita 900 daga Alƙahira, ƙasar Nubawa, zafinta ba ya jin kunyar na Daura a watan Afrilu, kuma yanki ne da manyan likitoci ba sa son zama. Ba a karɓar kuɗin majinyaci. Gudummawar jama'a ce ke riƙe da wurin, duk azumi za ka ga tallar neman taimakonsa a talabijin ɗin Masar, Musulmi na zuba sadakarsu a asibitin da Bakibɗe ya kafa. Ni a ganina wannan ya fi dashen zuciya wuya. Ka tuna mutum goman nan da na ƙirga? A Aswan su ya gina: ya ɗauki matasan Misirawa, likitoci da nas-nas da masu kula da na'ura, ya horar da su a wurin, ya haɗa da ɗakin bincike. Abin da Inugu ta samu na 'yan kwanaki a 1974, Aswan ta same shi na dindindin.

To, mu dawo gida. Mutumin da aka haifa a 1935, kada ka sa rai shi zai riƙe wuƙa a kan ƙanwarka, almajiransa ne ke ɗauke da aikin. Kuma ba asibitin zuciyar da ake zuwa a ƙwanƙwasa ƙofa da jaka a hannu. Likitanta na nan ne zai aika da rahoto da hotunan eko, wato hoton zuciyar nan da aka yi mata, can su duba, in sun karɓa su ba da amsa a rubuce, sannan a fara maganar fasfo da jirgi. Aiki kyauta ba ya nufin jirgi da masauki da abincin ɗan rakiya kyauta, jerin masu jira kuwa a irin waɗannan wurare dogo ne. Duk dillalin da ya ce a ba shi kuɗi ya samo maku gurbi, ku riƙe aljihunku. Akwai kuma cibiyar Salam a Khartum, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007 tana aiki kyauta, sai dai yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya sa hanyar ta yi wuya. A gida ma yanzu ana buɗe zuciya a Legas da Abuja da Inugu da wasu asibitocin koyarwa.

Kafin duk wannan, sai an san wane aiki take bukata, domin mai yiwuwa ba sai an tsaga ƙirji ba. In bawul ɗin tsukewa kawai ya yi, bai yi tauri kamar dutse ba, ba ya kuma yoyo sosai, ana zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuciya, a hura wata 'yar balan-balan a cikin kafar, mannewar ta rabu. Wani likitan Japan, Inoue, ya fito da dabarar a farkon shekarun 1980. Yatsan Souttar ne dai ya koma roba. Kwana biyu ta koma gida, kuma ga budurwar da ke shirin aure ba abin da ya fi wannan. In bai yiwu ba sai tiyata, a gyara ko a canza. Nan fa ake bukatar natsuwa. Bawul na ƙarfe yana daɗewa, amma sai ta sha wafarin, maganin tsinka jini, har ƙarshen rayuwa, ana auna jininta a kai a kai, kuma maganin na iya nakasa ɗan tayi a watannin farko na ciki. Na ga waɗanda aka kashe dukiya aka sa wa na ƙarfe a waje, suka dawo ƙauye ba wurin awon jini, gudan jini ya toshe bawul ɗin cikin shekara biyu. Na nama, wanda ake yi da fatar da ke lulluɓe zuciyar saniya ko da bawul ɗin alade, ba ya bukatar wafarin na dindindin, amma a jikin matashi yana saurin tsufa, sau da yawa kafin shekara goma zuwa sha biyar an koma ɗakin tiyata. In batun alade ya dame ku, ku faɗa tun wuri, na saniya na nan.

Maganar aure kuwa, Malam, kai ne yaya, kai za ka iya faɗin abin da ita ba za ta iya ba. Ciwon bai hana aure ba. Ciki ne bai kamata ya riga gyaran bawul ba in tsukewar ta tsananta. A zauna da angon da waliyyansa a gaya masu gaskiya tun yanzu, likita ya zaɓa mata hanyar jinkirta ɗaukar ciki, don ba kowace ƙwaya ce ta dace da mai irin ciwonta ba. A rage mata gishiri da dunƙulen miya da kanwa.

Saura tushen abin, wanda ya fi ci mani rai. Wannan ciwon ba gado ba ne, ba kuma da shi aka haife ta ba. Daga maƙogwaro ya faro, wataƙila tana aji uku na firamare. Wata ƙwayar cuta ce ke kama maƙogwaron yara 'yan shekara 5 zuwa 15, ta fi yaɗuwa inda ake kwana a cunkushe, ɗakin yara da hunturu, makarantar allo, makarantar kwana. Mako biyu zuwa uku bayan ciwon ya wuce, garkuwar jikin wasu yaran sai ta rikice ta far wa gaɓoɓi da bawul ɗin zuciya. Ina sabon likita aka kawo mani yaro ɗan shekara goma da zazzaɓi da kumburin gwiwa. Bayan kwana biyu gwiwa ta saki, idon sawu ya kama. Na ba shi maganin maleriya, na sa aka auna ko sikila ce, aka ce ba ita ba ce, na sallame su. Ban tambayi maƙogwaro ba. Uwar kuwa ba ta ga dalilin faɗa ba, tunda an riga an kai shi wurin wanzami an cire beli, a wurinta an gama da wannan. Shekara uku bayan nan ya dawo da ƙafafu a kumbure. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, kuma wannan karon a wuya yake. Allurar penisilin guda ɗaya, ko ƙwayoyinta na kwana goma, in an ba da su cikin kwana tara da fara ciwon maƙogwaron, da sun isa. A duniya sama da mutum miliyan 40 ke ɗauke da wannan ciwo, yana kashe fiye da 300,000 a shekara, kusan dukansu a ƙasashe irin namu.

Ita ma ƙanwarka allurar nan ba ta wuce ta ba. Kowane sabon kamu yana ƙara cin bawul ɗin, don haka za a riƙa yi mata penisilin mai daɗewa a jiki duk mako uku zuwa huɗu, ko an yi aiki ko ba a yi ba, a irin matsayinta har wajen shekara 40, wani lokaci ma fiye. Allurar na da zafi, ba zan ɓoye maka ba, kuma a wata na huɗu ko na biyar ne 'yan mata ke fara zillewa. Ka sayi ɗan littafi, duk ranar da aka yi mai allurar ya rubuta kwanan wata ya sa hannu.

Ranar da za ku komo Katsina ganin likita, ku taho da ƙannenta su ma a saurari ƙirjinsu, tunda ɗaki ɗaya suka kwana. Ka kuma tambayi likitan abu huɗu, ka rubuta amsar: faɗin kafar bawul ɗin nawa ne, yana yoyo ko ya yi tauri, bugun zuciyarta a tsare yake ko ya rikice, kuma matsin jinin huhu ya kai nawa. A takardar eko, ka nemi inda aka rubuta MVA, wato faɗin kafar bawul ɗin mitiral. Lambar da ke gabansa ita nake so ka fara aiko mani.